Sai Bango Ya Tsage: Raunin Manhaja da Doguwar Hanyar Gyaransa Zuwa Karkarar Maraɗi

A cikin shekarun baya-bayan nan wayar salula ta shiga tsakiyar tattalin arzikin karkarar jihar Maraɗi, tun daga Cadakori da sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji har zuwa Aguie da Gazawa da ke kan babbar hanyar da ta nufi Damagaram, domin da ita ɗan ci-rani da ke Kano ko Agadas ko Libiya yake sanar da gida cewa ya turo kuɗi, da ita dillalin wake da aya yake jin farashi kafin ya ɗaura kaya, da ita kuma ake aika saƙon murya ta WhatsApp ga wanda bai yi karatun boko ba. Layukan Airtel da Zamani da Moov Africa da Niger Telecoms, da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, duk suna gudanar da hidimarsu ne a kan manhaja, wato jerin umarnin da mutane suka rubuta domin na'ura ta bi, kuma babu wata manhaja mai girma da aka taɓa rubutawa ba tare da kuskure ba. Abin da tarihin kutse ya nuna shi ne cewa sau da yawa ana yin ɓarna ne ta kafar da aka riga aka sani, aka kuma riga aka fitar da maganinta, sai dai maganin bai kai ga na'urar da ke hannun mutum ba, kuma wannan tazara ta fi faɗi a wuraren da waya take tsufa a hannu, kuɗin intanet kuma yake da tsada.

Bambancin kuskure da rauni

Yawancin kurakuran manhaja ba su wuce su sa waya ta daskare ko hoto ya ƙi buɗewa ba, amma akwai irin kuskuren da wani na waje zai iya tayar da shi da gangan domin ya sa na'urar ta aikata abin da mai ita bai yarda ba, kamar ta miƙa saƙonninsa ko ta karɓi umarnin baƙo, kuma irin wannan ne masana suke kira rauni. Dabarar da aka rubuta musamman domin cin moriyar wani rauni ita ce makamin kutse, gyaran da kamfani yake fitarwa domin toshe kafar kuma shi ne faci, wanda yake zuwa cikin abin da waya take nunawa a matsayin sabuntawa.

Ɗaya daga cikin raunukan da suka daɗe kuma aka fi nazarinsu shi ne ambaliyar ma'aji. Duk lokacin da manhaja za ta karɓi bayani daga waje, ko suna ne ko hoto ko kira, takan ware masa wani gurbi mai iyaka a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma wajibi ne ta auna bayanin kafin ta zuba shi, domin idan mai rubuta ta ya manta da wannan awo, bayanin da ya fi gurbin girma zai malala ya hau kan gurbin da ke maƙwabtaka da shi. Lamarin ya yi kama da mai awo da aka miƙa wa ƙwarya mai cin tiya biyu ya juye mata tiya uku ba tare da ya duba ba, ragowar ta zube a kan tsibin hatsin da ke gefe ta gauraya da shi. Haɗarin yana nan ne saboda a gurbin maƙwabtaka sau da yawa na'ura take ajiye adireshin umarnin da za ta bi na gaba, don haka ɗan kutse yakan tsara bayanin da zai malala ɗin ta yadda zai maye gurbin adireshin da nasa, na'urar kuma ta ci gaba da bin umarninsa tana zaton na mai ita ne. Kamfanin Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunukan da yake gyarawa kowace shekara suna da nasaba da irin wannan rashin kula da ƙwaƙwalwar na'ura.

Tun ranar 2 ga Nuwamba 1988 duniya ta ga abin da wannan kuskure zai iya haifarwa, lokacin da wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta wadda ta tsayar da kwamfutoci kimanin 6,000, abin da ya sa aka kafa cibiyar farko ta kai ɗauki ga matsalolin tsaron kwamfuta a jami'ar Carnegie Mellon. Shekaru talatin bayan haka, a watan Mayun 2019, aka gano irinsa a sashen kiran murya na WhatsApp, inda ya isa a kira lambar mutum kawai, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, a dasa masa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda take iya karanta saƙonni ta kuma kunna makirufo da kyamara. WhatsApp ya ce an kai wa mutane kusan 1,400 hari ta wannan kafa, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke jami'ar Toronto kuma ta bayyana a 2020 cewa cikinsu akwai 'yan adawa da limaman coci a Togo, wanda ya nuna cewa Afirka ta Yamma ba ta tsira daga irin wannan hari ba.

Rauni na biyu da ya yi fice shi ne cusa umarni, wanda yake faruwa idan manhaja ta kasa bambance bayani da umarni. Shafin intanet na banki, alal misali, yakan ba da gurbin rubuta suna, sannan ya ɗauki abin da aka rubuta ya haɗa shi cikin tambayar da zai aika wa rumbun bayanai, to idan ba a tace rubutun ba, ɗan kutse zai iya rubuta wani yankin umarni a maimakon suna, rumbun kuma ya zartar da shi ya fito da jerin masu asusu baki ɗaya. Dangin wannan ne aka samu a Disambar 2021 cikin Log4j, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ake amfani da ita wajen rubuta tarihin abin da ke faruwa a cikin na'ura, wadda 'yan sa-kai ƙalilan suke kula da ita alhali tana cikin dubban manhajojin bankuna da gwamnatoci da kamfanonin sadarwa. Wannan lamari ya tona wata gaskiya game da sana'ar, cewa ba a rubuta manhaja daga tushe, harhaɗa ta ake yi daga sassan da wasu suka rubuta, don haka rauni ɗaya a sashe ɗaya yana iya shafar kamfanonin da ba su ma san suna amfani da shi ba. Na uku shi ne sakaci wajen tantance mai shiga, kamar barin kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, wanda ta nan ne manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin raba intanet a 2016.

Daga ganowa zuwa gyara

Makomar rauni ta dogara ne ga wanda ya fara gano shi. Idan mai bincike ne na kirki, yakan sanar da kamfanin a asirce ya ba shi wa'adi, kuma wa'adin da ya fi shahara shi ne kwana 90 da sashen Project Zero na Google, wanda aka kafa a 2014, yake bayarwa kafin ya bayyana raunin ga jama'a, da nufin kada kamfani ya yi kwance da batun. Manyan kamfanoni suna biyan lada ga masu kawo irin wannan rahoto, al'adar da Netscape ya fara a 1995, har ta kai Apple ya sanar a 2019 cewa zai iya biyan dalar Amurka miliyan ɗaya a kan rauni mafi tsanani. Idan kuma ɗan kutse ne ko dillalin da ke sayar wa hukumomin leƙen asiri, raunin yakan zauna a ɓoye ana amfani da shi, kuma shi ake kira raunin rana sifili, ma'ana kamfanin bai samu ko kwana ɗaya na shirya gyara ba kafin a fara kai hari da shi.

Da zarar an tabbatar da rauni, akan ba shi lamba a rajistar CVE wadda cibiyar MITRE ta Amurka ta fara a 1999 domin kowa a duniya ya kira shi da suna ɗaya, sannan a auna tsananinsa a kan ma'auni daga 0 zuwa 10, inda ake duba ko ana iya kai harin daga nesa, ko yana buƙatar mai na'urar ya taɓa wani abu, da kuma girman abin da maharin zai samu. A shekarar 2024 kaɗai an yi rajistar raunuka fiye da 40,000. Masu rubuta manhajar sukan gyara layukan da ke da matsala, su jarraba domin kada gyaran ya karya wani abu, sannan su sa masa sa-hannun lantarki, wato wani hatimi na lissafi da na'ura take dubawa domin ta tabbatar cewa facin daga kamfanin ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Microsoft yana fitar da nasa ranar Talata ta biyu a kowane wata tun 2003, Google kuma ya fara fitar da facin Android na wata-wata a 2015, bayan da mai bincike Joshua Drake ya bayyana raunin Stagefright wanda ya sa wayoyi kusan miliyan 950 cikin haɗarin kutse ta hanyar saƙon bidiyo guda.

Sai dai fitowar faci ba ta kawo ƙarshen haɗari, hasali ma takan ƙara shi na wani lokaci, domin 'yan kutse sukan kwatanta tsohuwar manhajar da sabuwar su ga ainihin inda aka gyara, daga nan su ƙera makami su nemi duk na'urar da ba a sabunta ba. Microsoft ya fitar da gyaran wani rauni a Windows ranar 14 ga Maris 2017, amma da manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta ɓulla ranar 12 ga Mayu, wata biyu bayan haka, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. A wannan shekarar ne kuma aka sace bayanan mutane kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka ta wata kafa da aka fitar da facinta tun watan Maris amma kamfanin bai ɗora ba.

Abin da ya faru a yankin sefa

Misalin kutse mafi kusa da Nijar shi ne na gungun da masu bincike suka raɗa wa suna OPERA1ER, wanda kamfanin tsaro na Group-IB tare da sashen tsaro na kamfanin sadarwa na Orange suka fitar da rahoto a kansa a Nuwambar 2022. Rahoton ya nuna cewa tsakanin 2018 da 2022 waɗannan masu magana da Faransanci sun kai hari fiye da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi, sun kuma sace aƙalla dala miliyan 11, Nijar tana cikin ƙasashen da abin ya shafa tare da Kodebuwa da Mali da Burkina Faso da Benin da Senegal da Najeriya. Ba su ƙera wani sabon makami ba, domin da kayan kutsen da ake samu kyauta ko da araha suka yi aiki, inda sukan fara da aika wa ma'aikaci wasiƙar imel mai kama da sanarwar ofishin haraji ko tallar aiki, idan ya buɗe takardar da ke ciki sai manhajar leƙe ta zauna a kwamfutarsa. Daga nan sukan yi watanni, wani lokaci har shekara, suna nazarin yadda ake tura kuɗi a cikin kamfanin, kafin su zaɓi ƙarshen mako ko ranar hutu su kwashe kuɗin zuwa asusun mutanen da suka ɗauka haya, waɗanda suke cirewa a na'urorin ATM. A tsakiyar 2023 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol suka sanar da kama wanda ake zargin jigo ne a gungun a ƙasar Kodebuwa. Manomin da ke ajiye kuɗin gyaɗarsa a asusun waya ba shi da hannu a tsaron kwamfutocin irin waɗannan kamfanoni, amma amincin kuɗinsa ya rataya a kansu.

Zangon ƙarshe

Facin Android yana bin hannaye da dama kafin ya iso Cadakori. Google yakan gyara tushen manhajar, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm su gyara nasu sashen, sannan mai ƙera wayar, kamar Samsung ko Transsion mai Tecno da Itel da Infinix, ya haɗa su ya jarraba a kan kowane samfuri kafin ya tura. Kowane mataki yana cin kuɗi, shi ya sa manyan wayoyi masu tsada na Google da Samsung suke samun alkawarin shekara bakwai na sabuntawa, yayin da masu araha suke samun ƙasa da haka nesa ba kusa ba, waya kuwa a karkara takan wuce daga hannun wa zuwa ƙane, daga ƙane zuwa uwa, shekaru bayan kamfanin ya daina waiwayarta. Wani lokaci ma matsalar takan riga wayar isa kasuwa, kamar yadda kamfanin Upstream ya bayyana a Agustan 2020 cewa ya samu muguwar manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 da aka sayar a Habasha da Kamaru da Masar da Gana da Afirka ta Kudu, tana yi wa mutane rajistar hidimomin biya a ɓoye tana cinye musu kati, kuma Transsion ya ce daga wani mai samar masa da kaya matsalar ta shigo, ya kuma fitar da gyara.

Ko facin ya iso, sai an sauke shi. Sabuntawa ɗaya tana iya cin megabait ɗaruruwa, wanda ya sayi intanet na kwana ɗaya domin ya ji saƙon ɗansa kuwa ba zai ƙarar da shi a kan abin da bai ga amfaninsa da ido ba, saboda haka sanarwar takan zauna a saman fuskar waya watanni ana ture ta gefe. A ranar kasuwa, a rumfar mai caji inda wayoyi suke jere a kan tebur kowace da lambarta a jikin salatif, akan samu matashi da kwamfutar tafi-da-gidanka yana loda wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinai a katin memori, yana kuma tura musu manhajoji ta Xender ba tare da an taɓa intanet ba. Wannan hidima tana da amfani ƙwarai, amma kwafin da yake turawa yana iya zama na bara ko na bara waccan, ɗauke da duk raunukan da aka riga aka toshe a sabon, kuma a karon farko da ake ɗora manhaja waya ba ta da wani tsohon hatimi da za ta kwatanta da shi domin ta gane ko an sauya kwafin. Abin ya fi muni ga kwaikwayon WhatsApp irin su GBWhatsApp, waɗanda ake so saboda suna ɓoye alamar an karanta saƙo ko suna nuna wanda aka goge, domin wasu mutane ne da ba a sani ba suka buɗe manhajar asali suka ƙara mata abin da suka ga dama suka sa nasu hatimin, don haka facin WhatsApp na gaskiya ba ya hawa kansu. Kamfanin Kaspersky ya samu Triada a cikin FMWhatsApp a 2021 da kuma YoWhatsApp a 2022, inda take iya karanta saƙonnin tes ta kuma sace mabuɗin asusun mutum.

Ofisoshi ma suna da nasu zangon ƙarshen, domin Microsoft ya daina fitar da faci ga Windows XP a Afrilun 2014, ga Windows 7 a Janairun 2020, wa'adin tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a Oktoban 2025, ma'ana duk kwamfutar ma'aikatar magajin gari ko ta asibiti ko ta asusun bashi da ta tsaya a kan tsofaffin nan, duk raunin da aka gano mata daga baya zai zauna a buɗe, kuma filashin da ke yawo tsakanin ofis da shagon buga takardu ya isa ya kai mata cuta ko da ba ta taɓa hawa intanet ba.

Abin da ke hannun mutane da abin da ke hannun hukuma

Ya kamata a bambance duk wannan da zamba, wadda ba ta buƙatar wani rauni a manhaja, kamar mai kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko ya nemi a karanta masa lambobi shida da WhatsApp ya aiko, domin wannan faci ba ya maganinta, sai dai mutum ya riƙe lambar sirrinsa ya kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Game da raunin manhaja kuwa, kowace wayar Android tana nuna ranar facin tsaronta na ƙarshe a cikin saituna, a sashen bayanin waya, kuma duba wannan rana kafin sayen waya ta hannu ya fi duba kyamararta muhimmanci ga wanda zai ajiye kuɗi a cikinta. Ɗauko manhajar kuɗi da ta saƙo daga Play Store, da sabunta su a duk lokacin da aka shiga Maraɗi ko Tasawa ko wani wuri mai ƙarfin layi, da goge manhajojin da ba a amfani da su, matakai ne da suke rage yawan kafofin da mahari zai iya bi.

Ta fuskar doka, Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017 tare da hukumar HAPDP mai kula da ita, ta kuma kafa doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, yayin da hukumar ARCEP take sa ido a kan kamfanonin sadarwa, ANSI kuma take jagorantar ayyukan zamani na gwamnati. Doka tana hukunta wanda aka kama, amma ba ta ɗora faci a kan waya, kuma a nan ne ake da sauran aiki da za a iya yi ba tare da jiran kamfanonin waje ba. Kamfanonin layi suna da ikon ware sabuntawar tsaro daga lissafin intanet ɗin da mutum ya saya, hukumomi suna iya sharɗanta wa masu shigo da waya su bayyana shekarun da za a ci gaba da gyara ta, cibiyoyi irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kuma suna iya horar da masu gyaran waya da masu loda manhaja na kasuwannin ƙauye, tun da yake su ne mutanen da mai waya yake kai wa kuka, kuma kwafin da ke cikin kwamfutarsu shi ne yake zama manhajar gari guda. Matashin da ya san yadda zai tabbatar da asalin kwafi ya kuma sabunta shi kowane mako zai kare wayoyi ɗaruruwa da babu wata sanarwar kamfani da za ta kai gare su.